Gidan da Ke Cin Rana

Sunana Hansatu, amma a ƙauyenmu na bayan Gwaram waɗanda suke kirana da wannan sunan duk sun riga mu gidan gaskiya. Inna Hansai ake ce mini yanzu. Ban yi boko ba, allon ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Da ƙafata na je, da idona na gani, na dawo da shi a ƙirjina.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Ruwa ya ci gonarmu, ɗana ya rasu ya bar mini marayu, sai ga wata mata ana ce mata Hajiya Kande ta sauka a Birnin Kudu tana ɗibar mata, wai aikin gida a Makka, ki yi shara da safe ki yi ɗawafi da yamma. Na bi ta. Wannan ya isa.

A Damagaram na san Ladidi. Mota ɗaya muka taso, amma ban kula ta ba sai can, da ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ban roƙa ba. 'Yar Yalwan Damai ce ta wajen Birnin Kudu, bazawara, ƙaƙƙarfa, bakinta ba ya hutawa. Da ta ji inda na fito sai ta ce ai ta san mu, mu ne in mun kawo mara lafiya asibitin Birnin Kudu muke zuwa da tukunya da turmi kamar masu ƙaura. Na ce mata don mun san ba za ku ba mu abinci ba ne. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce daga yau ni yayarta ce. Yaya take ce mini har muka rabu.

A Agadas Hajiya Kande ta ce za ta je karɓo mana takardu. Ta tattara wayoyinmu, wai za a sa musu layin can. Ba mu sake ganinta ba. Muka zauna a wani gida mai doguwar katanga, mu da mata daga ƙasashe iri-iri, kowace ta rungume ƙullin kayanta ko barci take. Wata tsohuwar Buzuwa a maƙwabta takan miƙo mana shayi da cuku ta saman katanga. Ban taɓa ganin fuskarta ba, hannunta kawai na sani, siriri, ya rine da shuni. Daga baya wasu maza masu rawani suka zo suka dube mu kamar awaki a kasuwa, suka ce mu hau mota.

Muka tafi, muka tafi, muka tafi. Ni ban san ƙasashe ba, amma na san alƙibla. Duk inda aka tsaya salla sai in ga gabas tana hannun damana, mota kuwa ta miƙe gaba. Na ce wa Ladidi wanda zai je Makka ai alƙibla yake fuskanta, mu kuwa gefenta muke bi. Ta ce wataƙila zagaye za a yi.

Sahara ba ta da murya. Ba tsuntsu, ba ƙuda, ba ko kukan jaki. A gefen hanya sai ka ga silifa ƙafa ɗaya, gaba kaɗan ka ga duwatsu an jera su tsawon mutum. Ba mai tambaya. Wata rana, rana tana tsaka, muka iso wata rijiya. Ba bukka, ba mutum, ba dabba, amma ruwa yana zuba a wurin shan dabbobi shi kaɗai, ya cika yana malala cikin yashi. A gefe an kafa wasu baƙaƙen farantai na gilashi a kan ƙarafa, sun karkata suna kallon sama. Na taɓa ganin ƙaramin irinsu wajen mai cajin waya a kasuwar Gwaram, amma can akwai mutum zaune kusa da shi. Nan kuwa aiki ake yi ba ma'aikaci. Direba ya ce sola ce, rana ce ke jawo ruwan. Ladidi ta ɗora tafinta a kan gilashin ta janye da sauri, ta ce ya fi tandar waina zafi, ashe abin zafi yake sha ya yi aiki. Ba wanda ya ce mata ba haka ba ne.

Inda aka sauke mu wani gari ne a kudancin Libiya, harshena bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba. Aka shiga rarraba mu. Ni da Ladidi muka riƙe hannun juna muka ƙi saki, sai aka haɗa mu aka ba wani dattijo, Malam Agali, Buzu ne mai Hausar Agadas, direban wani gida. Shi ne mutum na farko da ya ce mana sannu da hanya tun da muka bar Damagaram.

Gidan yana bayan gari, can inda turakun lantarki suka ƙare, cikin gonar dabino. Fari ne fat, babba, yawancin ɗakunansa a kulle. Mutum ɗaya ne a ciki, wata tsohuwa da ake ce wa Hajja, kwance a gado, ta ƙanƙance kamar yarinya. An ɗaura mata wani abin roba a hanci da baki, da siririn tiyo ya tafi zuwa wata na'ura a gefen gado. Na'urar tana numfashi. Ba ni da wani suna da zan ba abin da take yi sai wannan. Ta ja, ta saki, ta ja, ta saki, kamar mai barci.

Malam Agali ya ce 'ya'yanta suna can babban birni bakin teku, ita ce ta ƙi barin gidan mijinta. Ya ce wutar gwamnati ba ta zuwa nan, irin farantan da muka gani a rijiya ne aka shimfiɗa a kan soro, suna cika batura a wani ɗaki da ba a buɗewa. Ya nuna mana wata tukunyar ƙarfe mai iska a ciki, ya koya mana yadda ake juya kanta in na'ura ta tsaya, ya ce amma ba ta daɗewa.

"Gidan nan rana yake ci," in ji shi. "In ya ƙoshi, na'urar nan ta yi numfashi. In ta yi, Hajja ta yi. In Hajja ta mutu a hannunku, ku da ba ku da takarda, ba wanda zai tsaya jin yadda aka yi."

Ya ce zai riƙa zuwa ranar Juma'a da cefane. Ya kulle ƙofar waje ya tafi.

Muka raba aiki. Gwiwoyina ba sa hawa matattakala, don haka ni ce mai jinya, ina gefen gado. Ladidi ke girki da wanki, ita ke hawa soro ta yi shanya.

Gida ne da bai damu da mutum ba. Rana na fitowa famfon rijiya zai yi tari ya kama aiki, ba wanda ya taɓa shi. Magariba na yi fitilu za su kunna kansu, ɗaki bayan ɗaki, har ɗakunan da ke kulle, ka ga haske yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar akwai mai zama a ciki. A kusurwar ɗakin Hajja akwai wani ido na gilashi da ke juyawa ya bi ka duk inda ka yi. A ƙarƙashinsa murya take fitowa, muryar babban ɗanta, yana magana daga bakin teku. Larabci yake yi, ba irin na karatu ba, ba ma jin komai. Ladidi ta sa masa suna Mai Bango. Duk abin da ya ce sai ta durƙusa ta ce na'am, ta juyo ta ce mini wai yana gaishe da mutanen Gwaram, yana tambaya ko sun dawo da turminsu.

Hajja ba ta taɓa ce mana uffan ba. Idanunta kawai ke yawo. Ladidi in tana canza mata zani sai ta yi ta tsokanarta, ta ce amarya tashi mu je rawa, ta ce wannan da a garinmu take da tuni an dama mata fura ta miƙe, ta ce Yaya dubi hancinta kamar na mikiya. Nakan ce mata ta ji tsoron Allah. Takan ce ai ba ta ji.

Ni kuwa kewa ta kama ni. Ba daka, ba carar zakara, ba kukan yaro. Kiran salla ma sai iska ta juyo kake jin wutsiyarsa. Taliya da burodi, burodi da taliya, har abinci ya daina wuce mini. Zanina ya fara zagaye ni sau biyu. Wata rana na ce wa Ladidi in da zan sami tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa ko sau ɗaya ne, to Allah ya ɗauke ni bayan nan, ban damu ba. Da Juma'a ta zo na ga tana yi wa Malam Agali raɗa a bakin ƙofa. Juma'ar da ta biyo ya sauke buhuna, ya ce mana zai yi tafiya Agadas ganin iyalinsa, sai ya dawo.

Bayan tafiyarsa gidan ya fara ciwo.

Famfo ne ya fara. Da can da hantsi tanki ya cika, yanzu sai ya yi tari ya yi shiru. Sai fitilu suka fara mutuwa kafin asuba. Sai firji ya bar ƙugi, ruwa ya tsiyayo daga ƙarƙashinsa. Daga ɗakin baturan nan da ba a buɗewa wani kuka ya fara fitowa, siriri, kamar na ɗan tsako da ya ɓace wa uwarsa, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Mai Bango ya yi ta magana da ƙarfi, muna na'am, na'am. Rannan yana tsakiyar magana muryar ta yanke, idon gilashin ya sunkuyar da kai bai sake ɗagowa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rana tana nan. Da hadari ne ya rufe ta da na gane. Amma sama wasai, rana tsaye a kanmu tana ƙona ƙasa, an ce gidan rana yake ci, ga abinci a gabansa ya ƙi ci. Na san yadda dabba take yi in za ta mutu, ka sa mata dusa ta kau da kai. Na ce a raina ko gidan ne yake bin Hajja, ko Hajja ce take bin gidan. Na yi tofi a kusurwa huɗu. Ladidi ta turara ɗakin da ɗan abin da ta zo da shi daga gida. Muka buga ƙofar waje muka yi kira, dabino kawai ke jin mu.

Na'urar ta fara tsayawa da sassafe, sai hantsi ya ɗaga ta dawo. Muna juya kan tukunyar ƙarfe, muna jira. Kullum jiran yana ƙara tsawo. Ranar da tukunyar ta ƙare, na'urar ta ja ta saki, ta ja ta saki, ta ja, ba ta saki ba.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a Sahara. Sai numfashin Hajja shi kaɗai, yana fita da kyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Leɓenta ya fara canza launi. Ladidi ta tallafo kanta tana yi mata fifita da faifai, ni ina karanta mata kalmar shahada a kunne. Hantsi ya wuce, rana ta kusa tsaka, na'ura ba ta motsa ba.

Na ce to, abin da zai same mu ya same mu, amma baiwar Allah nan ba za ta cika a cikin zani mai datti ba. Na buɗe akwatin da ake ajiye fararen zannuwan gado don in sami abin lulluɓa ta. Babu ko ɗaya. Na tambayi Ladidi. Ta ɗago fuska sharkaf da hawaye.

"Suna soro, Yaya. Shanya na yi a kansu. Kuɓewarki ce, da tumatir da tattasai. Na so sai sun bushe in ba ki mamaki."

Na ce ta je ta sauko da ɗaya. Ta ce in ta saki kan nan ba ta san abin da zai faru ba.

Na hau. Da hannu da gwiwa na hau, ina hutawa ina salati. Da na leƙa soron sai da na koma da baya na dafa bango.

Fararen zannuwa ne a jere, sahu-sahu, kowanne tsawon mutum, an danne gefensu da duwatsu. Sun ɗan karkata, duk sun fuskanci waje ɗaya. Ba iska, ba motsi. Na ga kamar duk waɗanda muka wuce a Sahara ne aka kwaso aka jera a nan ana jiran liman. Sai da na matsa kusa na ga yankakkiyar kuɓewa a baje a kansu, da jan tumatir, da tattasai, hannun mace ya baza su daidai, ba inda ya fi wani kauri. Ladidi ta iya shanya. Ta sami farantan nan masu zafi kamar tanda, ta ce a ranta ba inda ya fi nan, zafin da suke sha kuma ai yana nan ƙarƙashin zani. Ta fara da ɗaya, da ta ga yana bushewa da kyau ta yi ta ƙarawa har ta rufe su duka.

Ni ma a lokacin ban gane komai ba. Likkafani na zo nema. Na ture duwatsu na ja zanin farko, kuɓewa ta watse. Baƙin gilashin ya bayyana, rana ta faɗa cikinsa ta dawo mini a ido. Na ga zanin ya yi jirwayen tumatir, bai dace ba. Na ja na biyu, shi ma haka. Na ja na uku, na huɗu, ina neman mai tsabta. Ina cikin haka na ji kukan ɗan tsakon nan daga ƙasa ya canza, ya yi tsawo sau ɗaya ya ɗauke. Na tsaya da zani a hannu. Can ƙasan gonar dabino famfo ya yi tari.

"Yaya," Ladidi ta kira daga ƙasa, "me kika taɓa?"

Na bi sahun nan ina yaye su ɗaya bayan ɗaya, kuɓewa tana zuba a ƙafafuna, tattasai yana shiga idona, gwiwoyin da ba sa hawa matattakala suna gudu. Da na yaye na ƙarshe na tsaya ina haki. Ta cikin ramin matattakala na jiyo na'urar. Ta ja, ta saki. Ta ja, ta saki.

Da na sauko, launin Hajja ya fara dawowa. Ladidi ta kifa kai a gefen gado tana cewa ita ta kashe ta, ita ta kashe mu. Sai idon gilashi ya ɗago kai ya dube mu, ya dubi zannuwan da ke hannuna da kuɓewar da ta maƙale a jikinsu. Muryar Mai Bango ta fashe a ɗakin. Ba sai an fassara mana ba. Muka durƙusa, ko na'am ɗin ya gagara.

Hajja ta ɗaga hannu, hannun da ban taɓa gani ya ɗagu ba, ta janye robar daga bakinta. Ta yi magana da bangon, a hankali, tana tsayawa tana jan iska. Ta daɗe. Da ta gama, bangon ya yi shiru.

Da la'asar wani mai gyara ya zo, ɗan Hajja ne ya turo shi, tare da wani ɗan Nijar mai yi masa tafinta. Ya hau soro ya sauko, ya kama Ladidi da faɗa ta bakin tafintan, ya ce abin nan ba zafi yake sha ba, haske yake sha, ko inuwar tafin hannu ta faɗa masa sai ya rage ƙarfi. Ladidi ta ce to shi abin bai taɓa faɗa ba. Muka jira a ce mu ɗauko kayanmu. Tafintan ya ce ba inda za mu je, Hajja ta gaya wa ɗanta ita ce ta sa mu shanyar, kuma duk wanda ya taɓa mu ba ta yafe masa nononta ba.

Muka tsince kuɓewar daga soro, muka fece yashi. Ba turmi a gidan, da kwalba Ladidi ta murƙushe ta a kan tire. Ta tuƙa tuwon garin alkama, ta kaɗa miya. Ƙamshin ya cika gidan nan fari, ya shiga har ƙarƙashin ƙofofin da ke kulle. Na zauna a gefen gado da kwanona, na kai loma ta farko, hawaye ya hana ni ganin ta biyu. Sai na ji ana kallona. Hajja ce, idonta a kan kwanon.

Na gutsuri ɗan kaɗan, na dangwala, na ɗaga robar na sa mata a baki. Ta daɗe tana juya shi. Ta haɗiye. Ta dubi Ladidi, ta buɗe baki, da Hausa, Hausa tsantsa irin ta tsofaffin da, ta ce:

"Ba ki sa daddawa ba."

Ludayi ya faɗi daga hannun Ladidi. Watannin nan duka tana jin mu, tana jin amarya tashi mu je rawa, tana jin hancin mikiya, tana jin kukana da sunayen jikokina da nake kira. Tana jin mu muna na'am ga abin da ba mu gane ba, numfashinta yana ƙarewa, ba ta ce komai ba.

Da Malam Agali ya dawo na ba shi labari. Ya ce shi tun yana saurayi yake gidan nan bai taɓa ji ba. Sannan ya ce a garin akwai gidaje da yawa da kakanninsu mata daga kudu aka kawo su, a ƙafa, ta hanyar da muka biyo a mota, kuma ba a maganar.

Amma a ranar ban san wannan ba. Na matsa kusa da ita na ce, "Hajja, ke 'yar ina ce?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta kama robar da hannunta ta mayar kan bakinta, ta nuna kwanon da ido, a ƙara mata.